Hoton Ƙirjin Malam da Na Yanka Gida Huɗu

Duk wanda ya zo dubiya gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi tun bayan aikin da aka yi wa maigidana, sai ya tambayi yadda abin ya faro. Ni kuma sai in ba shi rabin labarin in riƙe rabi, domin rabin da nake riƙewa ni ya shafa. Yau na ce bari in rubuta shi duka har da nawa laifin, ko wata ta karanta ta kiyaye. Ba ni da ilimin asibiti, sana'ata ƙunshi. Mai neman bayanin likita ya je wurin likita, ni abin da idona ya gani zan faɗa.

Maigidana malamin firamare ne a Tarauni, kowa Malam yake ce masa, har ni. Mutum ne na ambulan. Takardar haihuwar yara, rasit ɗin rediyon da ta mutu tun 'yarmu Ummi tana goye, katin asibitin mahaifiyarsa mai rasuwa, kowanne da ambulan ɗinsa, an rubuta sunansa a kai da jan biro, an jera a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Na sha tsokanarsa cewa ranar da na mutu a ambulan zai sa ni. Yakan yi murmushi ya ce, "Ai da na san inda kike kullum."

Wata safiya na shiga wanke banɗaki bayan fitarsa, na ga ruwan da ya kwanta a gefen masai ja-ja, kamar zoɓon da aka sirka da ruwa. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonsa. Ranar ban iya zama ba. Wata mata ta zo ƙunshi na ɓata mata ƙafa ɗaya. Da ya dawo ko ruwa ban bari ya sha ba na tare shi.

Ya ce, "Tsargiya ce, Maman Ummi. Mu da muka tashi muna wanka a rafi, wa ya rasa ta? Ba ciwo, ba komai. Yakan zo ya ɗauke."

"Tun yaushe?"

Ya kalli ƙasa. "Wata biyu ke nan."

Wata biyu! Muna kwana ɗaki ɗaya, ina dafa masa abinci, yana fitsarin jini bai faɗa mini ba. Na ji haushi sosai, kuma har yau idan na tuna ina ji. A lokacin ne ma na lura wandonsa ya yi masa yawa, yana ta ƙara ɗaure mazagi.

Sati biyu muka ɓata a kan tsargiya. Mai kemis na bakin layinmu ya ba shi ƙwayoyinta, ya sha, jinin ya ɗauke kwana huɗu, muka yi hamdala, ya dawo. Yayarsa, Yaya Asabe, ta zo daga Unguwa Uku da jarkar jiƙo, ta ce tsakuwar ƙoda ce, mijin maƙwabciyarta da wannan ya fitsarar da tasa. Wani abokin aikinsa ya ce sanyi ne. Kowa likita, kowa da kwalbarsa. A sati na uku kwiɓinsa na hagu ya fara nauyi, yana zama a kujera a karkace. Nan na ce masa ko ya tashi mu tafi asibiti ko in kira limamin masallacinsu in faɗa masa komai. Kunyar liman ce ta tashe shi, ba maganata ba.

Likitan da ya fara ganin mu ya rubuta gwajin fitsari da na jini, ya ce a yi sikanin. Da Malam ya ji kalmar sai ya juyo ya kalle ni. A saninsa, da ma sanin yawancin mazanmu, sikanin na masu ciki ne. Muka isa wurin kuwa, benci uku cike da mata, kowacce da tulun cikinta, sai shi kaɗai namiji da hularsa da furfurarsa. Aka ce ya sha ruwa leda uku kada ya yi fitsari. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta dube shi ta ce, "Malam, wata nawa ne?" Matan suka kwashe da dariya. Ya miƙe zai fita, na riƙe gefen rigarsa ban saki ba har aka kira sunansa.

Mai sikanin saurayi ne mai fara'a. Ya shafa wa Malam wani mai sanyi a ciki, yana goga na'urar yana hira da shi kan makaranta. Ya duba dama yana magana. Da ya koma hagu sai hirar ta tsaya. Ya danna, ya sake dannawa, ya ce Malam ya juya, ya ja numfashi. Ni da nake tsaye a bayansa ba abin da nake gani a allon sai toka-toka kamar talabijin ɗin da eriyarta ta faɗi. Amma shirunsa na fahimta.

Ya ce, "Hajiya, akwai ƙari a ƙodar hagu. Ba ruwa ba ne a ciki, tsoka ce. Wannan na'urar iyakarta ke nan, ba za ta faɗa mana ko mene ne ba. Ku koma wurin likita yau, kada ku bari sai gobe."

Allah ya saka wa yaron nan da alheri. Da ya rubuta takarda kawai ya miƙa mana, na san Malam, ambulan zai sa ta.

Daga nan aka tura mu wurin likitan da ke tiyatar ƙoda a wani babban asibiti, wanda ranar Alhamis kawai yake ganin marasa lafiya. Wanda bai taɓa bin layin nan ba, ba zai gane ba. Ka yanki kati a taga ɗaya, a ce fayil yana wata, ka je can a ce mai makulli ya fita. Ni ce mai zirga-zirga, Malam yana zaune a benci da ledar takardunsa a cinya. Sai bayan azahar muka shiga.

Likitan dattijo ne, ba ya gaggawar magana. Ya ce sai an yi hoton siti, wanda ake sa mutum a cikin na'ura ta ɗauki cikinsa yanki-yanki. Maganarsa ɗaya ta zauna mini har yau. Ya ce, "Ba girman ƙarin kaɗai muke nema ba. So muke mu ga ko yana cikin gidansa, ko ya tsallaka katanga." Tun daga ranar ba ni da wata tambaya a duniya sai wannan: ya tsallaka ko bai tsallaka ba.

Sai dai hoton bai samu a satin ba. Kafin a yi shi ana yi wa mutum allurar wani ruwa da ke haska ƙoda a hoto, kuma ba a yin ta sai gwajin jini ya nuna ƙodar za ta iya wanke shi. Gwajin Malam ya fito ba yadda ake so ba. Likita ya tambaya ko yana shan wani abu a gida, na faɗi jiƙon Yaya Asabe da ƙwayoyin ciwon jiki da yake haɗiya kullum. Ya ce a tsayar da duka, ya sha ruwa sosai, a sake gwaji bayan kwana goma. Kwana goman nan na fi Malam ramewa. Da gwajin ya gyaru kuma aka ce na'urar asibitin tana jiran gyara, sai dai mu je asibitin 'yan kasuwa. Na cire 'yan kunnena na gwal na kai kasuwa, malaman makarantarsu suka ba shi kwasar adashin da ba tasa ba. Ba zan manta musu ba.

Yaya Asabe da ta ji zancen allura sai ta ɗora hannu a ka. "Hajara, ke yarinya ce? In dai daji ne, ai ba ya son ƙarfe. Allura tana taɓa shi zai fantsama. Kada ku yarda!" Na ce mata a hannu za a yi, ba a ƙodar ba. Ta ce ƙarfe ƙarfe ne. Ta yi kuka, ni ma na yi, domin ƙaninta ne kuma ita ta goye shi. Amma muka tafi.

Ranar hoton ba a bar shi ya karya ba. Ni a waje aka bar ni, ina kai-komo a baranda har mai gadi ya ce, "Hajiya, ga kujera fa." Hoton kansa bai ɗauki lokaci ba. Malam ya fito yana gyara riga, fuskarsa a murtuke. A adaidaita ya raɗa mini cewa da ruwan allurar ya shiga, zafi ya bi jikinsa tun daga maƙogwaro har ƙasa, ya ɗauka fitsari ya saki a gadon mutane, har ya fara ba su haƙuri. Ashe kowa haka yake ji. Na yi dariya har da hawaye, dariyata ta farko a wata guda.

Alhamis ta zagayo, likita ya jera hotunan a jikin allo mai fitila. Ya nuna mana ƙodar dama, lafiyayya kamar ƙwayar wake. Ta hagu kuwa wani dunƙule ya fito mata a sama. Ya ce kamanninsa na ciwon daji ne, ba zai ɓoye mana ba. Amma bai shiga babbar jijiya ba, hanta lafiya, ba a ga kaluluwa a kusa ba. Na fara alhamdu lillahi, ya ɗaga hannu. "Saura ƙirji. Wannan ciwon in zai yi tsalle, huhu yake fara nufa." Aka sake rubuta wani hoton siti, muka sake bin layi, muka sake jiran wata Alhamis.

A hoton ƙirjin ne aka ga ɗigon. Ɗan ƙarami, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a saman huhun dama. Likita ya daɗe yana kallonsa. Ya tambayi Malam ko ya taɓa yin doguwar jinyar tari. Malam ya ce e, shekara bakwai da suka wuce ya yi tarin tibi, ya sha magani wata shida ya warke.

Likita ya ce, "To, abu biyu ne. Ko tabon tsohon tarin ne, ko ciwon ne ya tsallaka. In tabo ne, mu cire ƙodar, muna sa ran shi ke nan. In ciwon ne, cire ƙoda kaɗai ba zai wadatar ba, magana ta canza. An yi maka hoton ƙirji a wancan lokacin?"

"An yi, bayan na gama magani."

"Yana nan?"

Malam ya gyara zama, a karo na farko tun fara ciwon na ga fuskarsa ta washe. "Likita, ni ba na yar da takarda. Yana gida a ambulan."

"Madalla. Ka kawo shi Alhamis. In ɗigon nan yana cikinsa, wuri ɗaya, girma ɗaya, hankalinmu zai kwanta. In babu hoton, sai dai mu soka allura ta ƙirji mu ɗebo, ko mu jira wata uku mu ga ko zai girma."

Ni kuwa ina zaune a gefe, ban taya shi murna ba. Domin na san abin da ke cikin ambulan ɗin nan. Babu komai.

Ga yadda aka yi. Mu masu ƙunshin salatif, sai mun manna salatif a kan wani abu mai santsi, mu yanka fulawa da ganye da reza, sannan mu ɓare mu manna a ƙafar mace mu shafa lalle a kai. A shekarun nan ba abin da muke so kamar ledar hoton asibiti. Ba ta karyewa kamar gilashi, salatif yana ɓaruwa a jikinta sumul, ga ta ba nauyi a jaka. Wani lokacin biki ya taso, amare uku a sati ɗaya, tawa ledar ta tsufa. Na tuna da ta Malam. Na ce a raina mutum ya warke, me zai yi da hoton haƙarƙarinsa? Na zare ta, na mayar da ambulan ɗin wurinsa, na sa almakashi na raba ta gida huɗu. Uku suna jakar ƙunshina. Ɗaya na ba ƙawata Ladidi da muke aiki tare a lokacin, kuma rabona da Ladidi ya fi shekara huɗu.

Daga asibiti zuwa gida ba nisa, amma ban taɓa ganin hanya mai tsawonta ba. Malam sai hira yake, yana cewa, "Kin gani ko? Ke da kike mini dariyar ambulan." Na buɗe baki sau uku in faɗa, ya ƙi fitowa. Muna shiga ya durƙusa da ciwon kwiɓinsa ya jawo akwatin. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo ya zaro babban ambulan mai ruwan ƙasa, ya ji shi sakayau, ya leƙa ciki, ya juya shi ƙasa ya girgiza.

Na ce, "Malam, ni na ɗauka."

Ya ɗago.

"Na yi yankan salatif da shi. Tun shekara biyar. Na raba shi."

Da ya yi faɗa da na fi jin sauƙi. Bai yi ba. Ya zauna a bakin gado da ambulan ɗin a hannu, ya ce, "Gida nawa?"

"Huɗu."

"Kawo."

Na zazzage jakar a kan tabarma. Ga su nan, duk sun sha reza, zanen fulawa a kan zanen fulawa, gefensu da dattin lalle. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa a hasken taga, yana haɗa ƙashi da ƙashi kamar mai jera wa ɗalibai darasi. Sunansa da kwanan wata suna jikin na ƙasa. Ya jera ukun, ya sa yatsa a gurbin da ya rage. "Na saman dama ne babu," in ji shi. Ya tashi ya yi alwalar la'asar.

Lambar Ladidi da ke wayata ba ta shiga. Washegari Juma'a tun da hantsi na hau adaidaita zuwa Unguwa Uku, gidan da na san ta. Wasu mutane na tarar, ba su ma san sunanta ba. Mai kanti a ƙofar gidan ya ce sun tashi tun bara waccan, ya ji kamar Hotoro. Hotoro kuwa ai gari ce guda. Asabar na tafi can ba tare da na san inda zan dosa ba, ina shiga gidajen mutane da sallama ina tambayar Ladidi mai ƙunshi. Aka kai ni wurin Ladidi biyu, ba ita ba. Takalmina ya tsinke, na saya na roba a hanya. Ina tafe ina lissafin kwana: saura biyar, saura huɗu. Ina tuna allurar da za a soka masa a ƙirji, da abin da Yaya Asabe za ta ce, da wata ukun da za mu zauna wani abu yana girma a cikinsa ko ba ya girma, duk saboda ƙafafun amare uku da ko sunayensu na manta.

A gida kuma Malam yana gaishe ni, yana cin abin da na dafa, yana cewa an gode. Iyakarta ke nan. Shekara ashirin da biyu da aure ban taɓa jin an gode mai ciwo irin wannan ba.

Ranar Lahadi na rasa yadda zan yi, na je na faɗa wa Yaya Asabe. Na shirya wa zagi. Ta kuwa yi. "Hajara, ƙirjin ƙanina kika yanka kika yi wa 'yan mata ado? Wallahi ba ki da kai!" Ta yi ta yi har ta gaji. Sannan ta ɗauki mayafinta ta ce, "Tashi. Uwar mijin Ladidin nan ai muna zuwa islamiyya ɗaya da ƙanwarta." Matar da ta ce kada a taɓa shi da ƙarfe, ita ta bi gida uku da ciwon gwiwarta har ta samo mini kwatance. Ta ce in dai ledar nan za ta hana a soka masa allura, ko a rijiya take sai an ciro ta.

Litinin na sami Ladidi a can ƙarshen Hotoro. Ta daina ƙunshi, awara take soyawa. Ta yi murnar ganina, ta fara ƙorafin na yar da ita, ni kuwa ko zama ban yi ba na faɗi abin da ya kawo ni. Ta riƙe haɓa. "Ledar nan baƙa? Kai, Hajara, tashi biyu muka yi fa." Muka shiga ɗakinta muka fito da buhuna, muka zazzage a tsakar gida: tsofaffin atamfofi, murafan kwano, littattafan yara. Babu. Man awararta ya ƙone a kan wuta. Har na ɗaura mayafi zan tafi, sai ta ce bari ta duba saman kwaba. Ta sauko da wani gwangwanin biskit mai tsatsa. A ciki akwai busasshen lalle, da reza uku, da ledar a ƙasa, da ragowar salatif ɗin wata fulawa da ba a gama yankawa ba manne a jikinta. Na zauna daɓas a ƙasa na fashe da kuka, Ladidi tana bubbuga bayana tana cewa, "Ke, ba a mutu ba tukuna."

Malam da kansa ya haɗa su. Ya goge kowanne da auduga a hankali, ya jera a kan tebur, ya manne ta baya da farin salatif. Daga jakata ya ɗauki salatif ɗin, bai tambaye ni ba.

Alhamis likita ya zaro hoton daga ambulan, ya kalle shi, ya kalle mu. Ya ce mu biyo shi wurin likitar da ke karanta hotuna. Mace ce, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, a wani ɗaki mai duhu da sanyi. Ta maƙala hoton a allon fitila. Haƙarƙarin mijina ya fito, ga gicciyen salatif a tsakiya, ga furanni da ganyaye sun bi ko'ina a kansa.

Ta matso da fuskarta, ta ce, "Wannan ai zanen ƙunshi ne." Ta waiwayo ta dubi hannuna da ke ja da lalle. Na sunkuyar da kai, na so ƙasa ta tsage.

Ta karanta suna da kwanan wata. Ta buɗe sabon hoton a kwamfuta, ta koma kan tsohon, ta ɗauko 'yar rula. Ta ƙirga haƙarƙari da bakin biro daga sama. Biron ya tsaya a kan yankin Ladidi, tsakanin ganye biyu da reza ta zana.

"Ga shi nan," in ji ta.

Ta auna, ta sake aunawa, suka yi magana da Turanci ita da likitan. Sannan ta juyo ga Malam. "Baba, wannan ɗigon ya girme ciwonka. Wuri ɗaya, kuma ban ga ya ƙaru ba a shekara bakwai. Tsohon hoto ba ya kai siti kaifi, saboda haka za mu sake dubawa bayan wata uku. Amma ni a ganina tabo ne." Ta dube ni. "Hajiya, da rezarki ta matsa kaɗan ta kankare wurin nan, da ba abin da zan iya cewa."

Malam ya ce alhamdu lillahi sau uku a hankali.

Bayan sati biyu aka cire ƙodar. Kwana shida muka yi a asibiti, da daɗi da ba daɗi. Akwai nas ɗin da ta yi mini tsawa a gaban mutane don na tambaye ta abu sau biyu, akwai kuma wadda ta bar abincinta ta zo ta taya ni juya shi. Dukansu ina tuna su. Gwajin naman da aka cire ya tabbatar daji ne, amma bai fita daga ƙodar ba. Bayan wata uku aka sake hoton ƙirji, ɗigon yana nan yadda yake. Yanzu Malam ya koma makaranta da ƙoda ɗaya. Lokaci-lokaci ana sake masa hoto, kuma duk satin da za a yi ba na iya zama wuri ɗaya, har yau.

'Yan'uwa, jini a fitsari ko ba ciwo, ko ya zo ya ɗauke, kada a tsaya ana kiransa tsargiya a gida. Namiji ya zauna a layin masu ciki in ta kama, dariyar ba ta kisa. Ku faɗa wa likita duk abin da ake sha. Tsohon hoton asibiti kuma, ko na shekara nawa ne, ku bar shi inda yake. 'Yan'uwana masu ƙunshi, tayil ɗaya na daɓen ɗaki ya ishe mu yankan salatif.

Maganar ledar kuwa, Malam bai sake tayar da ita ba, ni ce ta ƙi barina. Da ya fara fita masallaci da ƙafarsa, na je kasuwar Tarauni na sayo kwaɗo mai makulli biyu. Na kai masa ɗaki na ajiye a gabansa, na ce, "Ka rufe akwatinka, ka riƙe makullan duka. Ka yafe mini."

Ya juya kwaɗon a hannunsa. Ya ce, "Wata biyu ina fitsarin jini ban faɗa miki ba, Maman Ummi. Ni wa zai sayo wa kwaɗo?"

Ya jawo akwatin, ya zaro sabon ambulan, ya zura kwaɗon da makullansa a ciki. Ya ɗauki jan biro ya rubuta a kai: Kwaɗon Maman Ummi. Ya jera shi kusa da hoton ƙirjin mai furanni, ya tura akwatin ƙarƙashin gado a buɗe yadda yake tun ranar da aka kawo ni gidan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya ba masu jinyarsu haƙuri da ƙafar zirga-zirga.